Man da Ke Ƙaruwa a Taraktar Yunusu

Akwai wani direban tarakta mai suna Yunusu, a wani ƙauye da ke arewa da Barmu, cikin ƙasar Adar. Lokacin babban farin 1984 ne. Soja ke mulki, rijiyoyin ƙauyen kuma sun ƙafe har ƙasa.

Ruwan da mutane ke sha, tarakta ce ke kawo shi. Tsohuwa ce, jan fentinta ya koɗe, hukuma ta ba ƙungiyar manoma ita aka ɗaura mata tanki a baya. Kullum Yunusu zai tafi Barmu ya cika tankin a famfon burtsatse, ya dawo ya tarar mata sun jera tuluna suna jira. Kowa ya san ranar da taraktar nan ta mutu, ƙauyen ya tashi.

Shi Yunusu yana da wani tsoro nasa daban. Ranar da aka damƙa masa ita a birnin Tawa, wani sajan ya dube shi ido cikin ido, ya ce kayan hukuma ne, duk wanda ya kashe injin zai yi damina a kurkuku. Maganar nan ba ta taɓa barin kunnensa ba.

Matarsa Balki ba ta da yawan magana. Tun daga nesa take gane kukan injin. Da ta ji shi sai ta tashi ta dama kunun jar dawar taimako, ta rufe da faifai, ta fito bakin zaure kamar wani aiki ne ya fito da ita.

Taraktar dai tsohuwa ce, shan baƙin mai take kamar ba gobe, baƙin mai kuwa ya yi wuyar samu. Sai wata safiya Yunusu ya zaro sandar gwajin mai, ya ga man bai ragu ba. Bayan 'yan kwanaki ya sake dubawa, ya ga ma ya wuce alama.

Labari ya bazu. A shekarar da hatsi ke raguwa, nono ke raguwa, dabbobi ke faɗuwa a tsaye, ga abu ɗaya yana ƙaruwa da kansa. Tsofaffi suka ce ladan shayar da mutane ne. Aka sa wa taraktar suna Mai Albarka.

Yunusu ya fara tatsar rarar man a kwalba yana ba mutane, wannan ya shafa wa ƙafar amalanke, wancan ya shafa wa raƙuminsa mai ƙaiƙayi. Tafiyarsa ma ta canza. Idan aka tambaye shi sirrin, sai ya ce ai hannu ne, ba kowa inji ke yarda da shi ba.

Balki ce kawai abin bai yi wa daɗi ba. Ta lura rigar aikinsa ta daina warin baƙin mai, ta koma warin gazuwal, man da injin ke ƙonewa. Wata rana yana shan kunu ta ce masa a hankali, ita dai tana tsoron abin da ke ƙaruwa ba wanda ya zuba masa. Ta roƙe shi ya kai ta Tawa a duba.

Ya yi dariya ya ce ta tsaya ga tukunyarta. Tawa kuma ai bakin sajan ne, wa zai kai kansa?

Abin da bai gaya mata ba shi ne, akwai wani ɗan agogo a gaban mazaunin direba, mai allura da ke nuna ƙarfin da mai ke zagaya injin da shi. Da safe allurar na tsakiya. Da injin ya yi zafi sai ta fara sauka, kuma kullum saukar na ƙaruwa. Duk lokacin da ya dube ta gabansa faɗuwa yake. Don haka ya sami tsumma ya ɗaure fuskar agogon, ya huta da ganinta.

Ranar da abin ya faru, Balki ta bi shi Barmu karɓo wa mahaifiyarta magani. Attahir, shugaban ƙungiyar manoma, shi ma yana tare da su. Sun cika tanki, sun kamo hanya, rana ta take tsakiya.

Suna tsakiyar wani fako, ba gari gaba ba gari baya, Balki ta ji kukan injin ya canza. Wani ƙwanƙwasa ne siriri daga can ciki, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Ta dubi mijinta, ta ga gumi na zuba daga haɓarsa. Shi ma ya ji.

Ta miƙa hannu ta janye tsumman. Allurar tana kwance a ƙasa, ba ta ko motsi.

Yunusu ya tsaya, amma bai kashe injin ba. Attahir ya diro ya ce a gwada mai. Aka zaro sanda, mai ya wuce alama nesa. Attahir ya ɗaga ta sama yana cewa ga shaida, agogon ne ya lalace, a yi gaba. Ya ce yara na can leɓɓansu sun tsage, kuma in ruwa bai isa yau ba shi za a fara kira Tawa. Shi ma tsoro ne ke magana a bakinsa.

Yunusu ya rasa inda zai sa kansa. Ya tafi, injin na iya mutuwa a hannunsa. Ya tsaya, a ce ya hana mutane ruwa. Ƙwanƙwasar kuwa ƙara fitowa take.

Balki ta matso kusa da shi yadda Attahir ba zai ji ba.

"Maigida, kashe ta. Ko mi za ya hwaru, ina nan."

Ya dube ta. Sannan ya ja igiyar kashe inji. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro.

Da jakunan da suka rage aka kwashe ruwan tankin zuwa ƙauye, tulu-tulu. Attahir kuwa ya riga kowa isa Tawa, ya ce direba ya ƙi aiki, ya yar da kayan hukuma a daji. Da Yunusu ya kai kansa washegari, ba a ko saurare shi ba. Aka zaunar da shi a wani ɗaki a bayan bariki, aka ce sai an sami bakanike ya duba. In injin ya mutu, ya san sauran.

Kwanaki suka yi ta wucewa, ba bakanike, ba baƙin mai. A ƙauye ruwan tankin ya ƙare. Mata suka koma tafiya Barmu a ƙafa, su dawo da abin da bai isa girki ba. Gidaje suka fara ɗaure kaya suna yin kudu.

Yayan Balki ma ya ɗaure nasa. Ya ɗora mahaifiyarsu a jaki, ya zo ya ce ta taso su tafi wajen Sakkwato, wanda soja suka riƙe ba a sa masa rana. Balki ta raka su har bayan gari, ta riƙe ƙafar tsohuwar tana kuka. Sannan ta saki, ta juyo gida ita kaɗai.

A ƙarshe aka samo wani tsohon bakanike, Baba Ciɗo, da galan na sabon mai. Aka sa shi a motar soja tare da Yunusu da sajan, aka nufi fakon. Mutanen ƙauye da suka ji labari sun riga su zuwa, sun tsaya nesa-nesa saboda kakin soja. Balki na cikinsu. Yunusu ya hange ta, ya kasa haɗa ido da ita.

Baba Ciɗo ba mai gaggawa ba ne. Ya fara da agogon, tunda shi ake zargi. Ya cire shi ya ɗaura nasa da ya zo da shi, ya sa aka tada injin na ɗan lokaci kaɗan, ya kashe. Nasa ma ƙasa ya nuna. Ya ce agogo bai yi ƙarya ba.

Ya zaro sandar gwaji, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya sansana. Man ya tsinke kamar ruwa. Ya juyo ya tambayi Yunusu tun yaushe man ke ƙaruwa.

Sajan na tsaye a kan Yunusu. Yana iya cewa bai sani ba, amma rabin mutanen da ke wurin suna da kwalbar man a gidajensu. Ya faɗi gaskiya, har da tsumman.

Tsohon ya girgiza kai. "Ɗana, inji ba ya haihuwar mai. Gazuwal na ke zuba ciki, shi ka ke ta raba ma mutane."

Ya kwance wani ƙaramin famfo a gefen injin, wanda ke jawo gazuwal daga tanki. Robar da ke cikinsa ta tsage. Ta nan gazuwal ke tsiyaya yana gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi har ya kasa riƙe ƙarfe da ƙarfe.

Sajan ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba. Injin ya mutu ko bai mutu ba?

Baba Ciɗo ya ce sai ya buɗe ciki. Ya tsiyaye man duka, ya kwanta a ƙasa ya sauke kwanon da ke ƙarƙashin injin. Ya wanke rariyar da ke tace mai, ya laluba ƙasan kwanon da yatsa yana neman garin ƙarfe. Daga nan ya kwance ɗaya daga cikin ƙarafan da babbar sandar injin ke juyawa a kansu, ya fito da shi rana yana jujjuyawa.

Yunusu ya tsuguna a inda yake.

Tsohon ya ce ƙarfen ya karce, amma bai narke ba. Ya nuna wata bishiyar aduwa da ke can gaba kaɗan, ya ce da an kai wurinta da injin a kunne, da sai dai a sayar da ƙarfen. Ya tambaya wa ya ce a kashe.

Yunusu ya ce, "Mai ɗakina ta."

Aka sa sabuwar roba, aka canza matatar mai, aka zuba sabon mai. Da aka tada injin, kowa ya zuba wa agogon ido. Allurar ta yi rawa, ta ɗaga, ta tsaya a tsakiya. Baba Ciɗo bai yarda ba sai da injin ya yi zafi sosai. Ta ɗan sauka kaɗan, ta tsaya a nan.

Sajan ya dubi Yunusu ya ce sakacinsa ya isa ɗauri, amma ɗaurinsa ba zai shayar da kowa ba. Ya ce masa ya hau ya kai wa mutane ruwa, kuma kada su sake haɗuwa.

Da la'asar taraktar ta shiga ƙauye da tanki cike. Layin tulunan bai kai rabin na da ba. Yunusu yana zuba ruwa yana duban fuskoki, yana gane waɗanda babu. Sai da ya zo kan Balki ya tambaye ta ina Inna, mahaifiyarta, don bai ga tulunta ba.

Ta gaya masa sun yi kudu da yayanta. Ya saki tiyon, ruwa na zuba a ƙasa, sai da ta sunkuya ta ɗauka ta mayar bakin tulu. Ya ce da ya ji maganarta tun farko, da rana ɗaya ta isa gyaran nan.

"Ka ji ta ranar da ta hi muhimmanci," in ji ta. "Riƙe, mutane na jira."

Taraktar ta ci gaba da kawo ruwa har damina ta sauka. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi sun dawo. Mahaifiyar Balki ba ta cikinsu, can kudu aka yi mata sutura. Balki ba ta taɓa ɗora masa laifin ba, ko da wasa. Shi ne dai ya ɗauki abinsa har ƙarshen ransa.

Darasi: Kada daɗin labari ya hana ka bincikar sa, kada tsoro kuma ya sa ka rufe bakin mai yi maka gargaɗi, agogo ne ko mutum. Ɓarnar da aka rufe ba ta tsayawa, girma take, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne ke biyan ta. Idan kana da mai gaya maka gaskiya a hankali, saurare shi tun yau. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, wataƙila akwai mai tsumma a kan agogonsa yanzu haka.