Ƙanƙara Mai Launin Tuta

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Labarin da zan ba ku gajere ne, gardamar da ke bayansa ce mai tsawo, kuma ku za ku yi ta, ba ni ba.

A wani gari da ake kira Gangaren Lambu an yi wasu aminai uku, Barira da Saude da Ladidi. Tun suna 'yan mata suke tare, aure ma bai raba su ba, don duk a cikin garin aka ajiye su. Saude lambu gare ta a bakin rafi, gadon mahaifinta, mace ce marar yawan magana. Ladidi ɗanyen kifi take sarowa daga madatsar ruwa ta sayar a kasuwa, ita kuwa in ta yi dariya a rumfarta har tasha ana jiyowa. Barira ƙanƙarar zoɓo da ta tsamiya take ƙullawa a leda tana sayar wa 'yan makaranta, da haka take riƙe da 'ya'ya huɗu tun bayan rasuwar mijinta.

To, a bazarar shekarar nan firizar Barira ta mutu, mutuwar da mai gyara ya duba ya ce a yi haƙuri. Tun daga nan sai dai ta ɗauki ƙulle-ƙullenta a bokiti ta kai gidan Hajiya Tabawa, a sa mata a lungun firiza in akwai wuri. Hajiya ba muguwa ba ce, amma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da aka yi baƙi ko aka yanka rago, haka Barira za ta komo da zoɓonta ruwa tsululu, yara su kwana da abin da ya samu. Abin yana cin ranta ƙwarai, ba ta dai faɗa ne.

Ana nan sai 'yan asalin garin mazauna birni suka aiko da sanarwa. Ran ɗaya ga Oktoba, ranar murnar samun 'yancin kai, za a yi taro a filin firamare bayan la'asar, kuma za a yi gasar mata. Duk wadda ta kawo abin ci ko abin sha da ya fito da launin tutar ƙasa, kore da fari da kore, za a ba ta firiza mai aiki da hasken rana, wadda ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Sharaɗi ɗaya ne, ba a yarda da kalar kanti ba, sai abin da ƙasa ta tsirar.

Barira na jin haka ta ƙwallafa rai a kan firizar. Nan take dabara ta faɗo mata, ta ce ƙanƙara za ta yi a ƙananan kofuna, hawa uku, da tsinke a tsakiya, yadda in an zare ta za a ga tuta a hannun kowane yaro. Farin bai ba ta wahala ba, kunun aya ne da kwakwa, ta tace har sau uku. Koren ne ta markaɗa zogale. Ga ta da gaggawa, sai ta zuba kore, ta bi shi da fari, ta ƙara kore, duk a zama ɗaya, ta ruga gidan Hajiya. Abin da ta ɗauko washegari, in ka ce ruwan kududdufi ne aka daskarar ba ka yi ƙarya ba. Autarta ta lasa sau ɗaya ta tambaya ina tuwon.

Da aminanta suka zo, Ladidi ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Barira, tutar wace ƙasa ce wannan? In dai akwai ta a duniya, Allah ya kai musu ɗauki.”

Barira ta ce, “Ke dai yi dariyarki. Ni firizar nan nake so, wallahi har mafarkinta nake yi.”

Saude ta juya abin a hannunta, ta shinshina, ta ce, “Miya kika daskarar. Bar mini koren.”

Ga abin da Saude ta yi. Ta shiga lambunta ta tsinko gwaiba wadda ta ƙosa amma ba ta kai ga nuna ba, ɓawonta na nan shar. Ta yanke fangalin na'a-na'arta kaf, wanda masu shayin garin ke zuwa saye kowace safiya, ta san kuwa sai ya yi makonni kafin ya sake tofowa, ta kuma san masu shayi ba sa jira, wani lambun za su koma. Ganyen na'a-na'a in aka markaɗa shi ɗanye, kafin a jima ya yi duhu kamar ruwan lalle. Saude ta san maganin wannan tun daga wurin kakarta. Ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa, kafin ka ce kwabo ta tsamo shi ta jefa a ruwan sanyi, sannan ta markaɗa shi da gwaibar har ɓawo, ta tace 'ya'yan, ta matsa lemon tsami, ta sa zuma. Koren da ya fito ya kwana ya wuni bai sauya ba, ga ƙamshi har zaure. Ba don Saude ba, da babu kore, in kuwa babu kore babu tuta.

Ga kuma abin da Barira ta yi. Kwana huɗu ta yi tana safa da marwa tsakanin gidanta da na Hajiya, tana gwadawa tana ɓatawa, har Hajiya ta fara tsaki in ta ji sallamarta. A nan ta gane abin da ba wanda ya koya mata. Hawa na farko zurfin gaɓar yatsa ɗaya ake zubawa, a jira. In an yi saurin zuba na biyu, su cakuɗe. In an bari ya yi tauri kamar dutse, hawa biyun ba za su kama juna ba, ana jan tsinke su rabu. Akwai wani ɗan lokaci a tsakani, sa'ad da sama ta yi tauri ciki da sauran laushi, a nan ake kafa tsinke a zuba fari, shi ma sai an sanyaya shi tukuna don kada ya narkar da layin. Ba agogo ke faɗar wannan lokaci ba, yatsa ke faɗa, kuma a duk garin yatsan Barira kaɗai ya sani. Macen da aka sani da gaggawa ita ce ta koyi jira. Ta bi gida-gida ta aro ƙananan kofunan silba ɗari da ashirin, ta samo tsinken tsire sabo ta goge tsininsa a dutse saboda bakin yara. Ba don Barira ba, da ba a ma yi tunanin abin ba, kuma da kore da fari sun koma kududdufi.

Ana wata ga wata. Ranar jajibiri da hantsi, taransifomar unguwa ta yi wata ƙara, hayaƙi ya tashi, wuta ta tafi, har da gidan Hajiya. Masu gyara suka ce sai bayan hutu. Barira ta zauna a tsakar gida tsakanin tukunyar kore da tukunyar fari, ta haɗa kai da gwiwa ta yi kuka sosai, kukan wanda ya ga abu a tafin hannunsa aka ɗauke.

To, ga abin da Ladidi ta yi. A safiyar nan ta dawo daga madatsa da kifi kwando uku, na cinikin ranar biki, ranar da ta fi kowace rana kasuwa a wurinta. Ta kuma sayo manyan sandunan ƙanƙara shida daga birni, tana binne da su a cikin dusar katako da buhuna, don kifin ya kai gobe. Da labari ya iske ta, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta feɗe kifin nan gaba ɗaya ta ɗora a banda, alhali kowa ya san mutanen garin ɗanye suke so ranar biki. Ta wuni cikin hayaƙi. Washegari bayan sallar asuba ta turo ƙanƙarar a baro zuwa gidan Barira, da rabin buhun gishiri a kai.

Ta sa ƙanƙarar a buhu ta farfasa da taɓarya, ta juye a manyan bahuna, ta fara watsa gishiri. Barira ta riƙe mata hannu ta ce, “Ke Ladidi, kina hauka ne? Gishiri ai narkar da ita zai yi!”

Ladidi ta ce, “Narkewar ita ce aikin, uwar gaggawa. A wurin masunta na gani. Sa hannunki ki ji.”

Barira ta tsoma yatsa ta fizge da sauri, sanyin har cikin ƙashi. Suka jera kofuna a ciki, suka rufe da barguna. Ba don Ladidi ba, da kunun aya da ruwan gwaiba za a kai fili a kofi.

Haka suka yi aikin tun rana ba ta fito ba har azahar ta gota. Saude na motsa kore don kada ya kwanta, Ladidi na tsiyaye ruwa tana ƙara ƙanƙara da gishiri, Barira na bin kofuna ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana cewa wannan ya yi, wannan a dakata. Yatsunta suka mutu don sanyi, ta riƙa hura musu iska tana komawa.

La'asar sakaliya fili ya cika. Yara sun yi fareti, an ɗaga tuta, an yi taken ƙasa, rana kuwa irin ta bayan damina ce, mai sa mutum ya jiƙe yana tsaye. Mata sun baje kolinsu. Wata ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka hagu da dama, wata waina tsakanin alayyafo. Shugabar alƙalai ita ce Malama Hansatu, tsohuwar shugabar makarantar, wadda ta koyar da rabin mutanen garin, har yanzu in ta yi gyaran murya manyan maza sukan gyara tsayuwa.

Barira ta ɗauki kofi ɗaya, ta tsoma gindinsa a ruwan ɗumi, ta yi bismillah, ta murɗa tsinken ta ja. Sai ga ƙanƙarar ta fito sumul, kore, fari, kore, layi a miƙe kamar an ja da zare, tana hayaƙin sanyi. Fili ya ɗauki sowa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Malama Hansatu ta karɓa ta daɗe tana kallo kafin ta kai baki. Ta ce, “Ayar arewa da kwakwar kudu a tsinke ɗaya. Ina aji biyu aka fara ɗaga tutar nan, ban taɓa zaton zan ɗanɗana ta ba. Ashe da daɗi.” Kafin a jima yara ɗari da wani abu suna zagaya fili, kowa da tutarsa a hannu yana lasa. Ba a ma tsaya dogon lissafi ba, aka ce su ne suka ci.

Barira ta yi farin cikin da ta manta rabonta da irinsa. Suka rungume juna su uku. Ana cikin haka sakataren ƙungiyar da ta shirya gasar ya matso da takarda, mai haɗa sola na biye da shi da tsani a kafaɗa. Sakatare ya ce, “Sunan wa zan rubuta? Layi ɗaya ne a takardar.” Mai tsani ya ce, “Ni dai a nuna mini rufin da zan hau kafin rana ta faɗi.”

Kun ga, duk kwanakin nan ba wadda ta tayar da wannan magana. Barira tun ranar sanarwa ta share lungun ɗakinta inda tsohuwar firiza take. Ta buɗe baki za ta faɗi sunanta, sai idonta ya sauka a hannun Saude, wanda kore ya rine har farce, ta tuna tumatir da gwaibar da ke ruɓe mata kowace kaka don rashin wurin ajiya. Ta juya ga Ladidi, idanu jajur saboda hayaƙin banda, ta tuna yadda take zubar da kifi duk ranar da ƙanƙara ta yanke. Sai ta fasa faɗin sunan.

Saude ta ce a hankali, “A rubuta Barira, ita ke da marayu.” Amma ƙasa take kallo.

Ladidi ta ce, “Haka ne, a rubuta ta.” Ba ta yi dariya ba, kuma duk wanda ya san Ladidi ya san abin da hakan ke nufi.

Barira ta ce, “Wallahi ba zan karɓa don an yi mini kara ba. In haƙƙina ne a ba ni, in na ɗayarku ne a ba ta.”

Malama Hansatu ta ce ita ɗanɗano aka kira ta ta auna, wannan shari'a ta fi ƙarfinta.

Kada wani ya ce mini su yi tarayya. Tarayya za su yi, ai aminai ne, ba wadda za ta hana 'yar'uwarta ajiya. Amma gidan Saude na bakin rafi, na Ladidi na bayan kasuwa, na Barira na jikin makaranta, kuma Barira ta fi kowa sanin bambancin firizar ɗakinka da lungun firizar wani. Ga sakatare da alƙalami a sama, ga mai tsani yana duban rana.

To, ku da kuka ji duka, tsakanin mai launi, da mai yatsa, da mai sanyi, sunan wa ya kamata a rubuta a layin nan?