Makantar Ubaidu Jagoran Jirage

Shehunmu, fitilar zamaninsa, ma'abocin ilmi da tsantseni, Allah ya ƙara masa yarda, ya shekara arba'in yana karantarwa a garinmu Shihir, ba a taɓa jin ya daka wa ko kaza tsawa ba. Wannan karama kuwa a gidanmu ta auku.

A shekarar da 'yan Fotugal suka tsare teku da igwa, suna ƙone duk jirgin Larabawa da suka samu da masoro ko kanumfari, sai suka kama yayana Ubaidu, jagoran jirage. Shi ya san lungun da jiragenmu bakwai suka ɓuya, hanyar kuwa ba ta kwatantuwa da baki, sai mai karanta launin ruwa tsakanin duwatsu. Masunta suka kawo labari: 'yan Fotugal sun ce ko ya kai su, ko su rataye shi.

Matarsa Sa'ada ta faɗo zauren karatu ko takalmi babu. "Sayyidi, na san mijina, wallahi ba shi da ƙwarin zuciya! In suka matsa zai nuna, ƙannena biyu kuma suna cikin jiragen nan. In ya ƙi, sai ni da marayu."

Shehu ya rufe littafi, ya ce, "Koma gida, 'yata. Ba zai nuna ba, ba kuma za su kashe shi ba."

Ni kaina, Allah ya yafe mini, ban ga ta inda haka za ta yiwu ba.

Bayan kwana uku aka tsinci Ubaidu a gaɓa yana lalube. Ya ce a hantsin da Shehu ya yi maganar nan har ya ɗaga hannu zai nuna wa 'yan Fotugal hanya, sai duniya ta yi masa baƙi ƙirin. Suka wulga masa wuta a fuska, bai ƙifta ba, babbansu ya ce a sauke makaho.

Muka kai shi gaban Shehu yana kuka. "Sayyidi, bar ni haka. Na ɗaga hannun nan fa!"

Shehu ya shafa masa ruwan alwalarsa, ya ce, "Allah ya san iyakar ƙarfinka, ya ɗauke maka sauran. Buɗe."

Ya buɗe ido, sai ya ga ƙannen matarsa biyu tsaye gabansa, gishirin teku bai ko bushe a rigunansu ba. Har ni mai shakka na yi hawaye.

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama waliyyansa. Allah ya haskaka makwancin Shehu, ya sanya mu cikin albarkarsa, mu raunana, amin.