Fursunan Da Makullin Ƙofa Ke Wuyansa

Akwai wani mutum a garinmu, nan cikin tsaunukan jihar Minas, sunansa Valdeci. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma zan ba ku labarinsa kamar na bare, domin idan na yi ta cewa "yayana" ba zan kai ƙarshen rubutun nan ba.

Valdeci ba waliyyi ba ne. Yana saurayi ya shiga kantin magani da bindiga. Bai harbi kowa ba, amma yarinyar da ke sayar da maganin ta daɗe ba ta iya fita ita kaɗai. Aka kai shi babban kurkukun jiha, inda ake kwana bi da bi saboda ƙasa ba ta isa kowa ya miƙe ba. A can idan ba ka shiga ƙungiyar 'yan daba ba, ko wurin tsayuwa ba ka da shi. Ya shiga.

Bayan 'yan shekaru wata mace alƙali ta mayar da shi Gida. Haka muke kiran tsohuwar makarantar da ke bayan tashar mota, wadda wata malama mai ritaya, Dona Zulmira, ta roƙa aro a wurin hukumar gari. Shi ma kurkuku ne, hukunci ake ci a ciki. Sai dai babu ɗan sanda, babu bindiga. Da safe gashin burodi, da yamma aji. Makullin ƙofar waje kuwa yana rataye a wuyan ɗaya daga cikin fursunonin, wanda 'yan'uwansa suka zaɓa.

Sharaɗin shiga shi ne ka bar ƙungiya, ka faɗa da bakinka a gaban kowa. Valdeci ya faɗa. Ba a jima ba saƙo ya iso masa daga babban kurkuku: duk ranar da ya sake taka can, sun san abin da za su yi da shi.

A Gida ya koyi karatu, yana da furfura ɗaya-ɗaya a gemu. Abin da ya fara karantawa da ƙarfi rubutun jikin buhun fulawa ne. Abokinsa Tião, wani mai tumbi da ba ya rufe baki, ya tafa hannu.

"Jama'a ku zo ku gani! Shekara da shekaru yana cin burodi, sai yau ya san sunan uban burodin!"

Valdeci ya jefe shi da ƙullu. A shekarar da ta biyo aka zaɓe shi ya riƙe makulli.

Cikin masu zuwa Gida akwai Seu Aristides, mai babban kantin kayan gini. Shi ya ba da simintin da aka gina tanda. Ranar da aka raba takardun gama firamare ya zo, ya ci wake da shinkafa a tebur ɗaya da su, ya share hawaye da hankici. Ya jawo Valdeci jikinsa.

"Zo nan, ɗana. A ɗauke mu hoto. Fito da makullin a gani. Duniya ta san mutum yana canzawa."

Valdeci ya yi murmushin da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba, ko muna yara.

Sai zaɓe ya ƙarato, Seu Aristides ya tsaya takarar magajin gari. A cikin makonnin nan wani ya tare tsoho mai sayar da tikitin caca a bakin kasuwa, ya fasa masa kai, ya gudu da jakarsa. Ba wanda ya ga fuskarsa. Gari ya ɗauki zafi, mutane suna neman wanda za su nuna da yatsa.

Wata Lahadi, ranar ziyara, matar Valdeci, Cleide, ta shigo da takarda a naɗe. Ta shimfiɗa ta a kan benci.

Hoton nan ne. An yanke Seu Aristides daga ciki, an bar Valdeci shi kaɗai da makulli a ƙirji. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: ƁARAWO KE RIƘE DA MAKULLI, KAI KANA BARCI. Mai yankan bai yi aiki mai kyau ba. Hannun Seu Aristides yana nan a kafaɗar Valdeci, har da zobensa.

Valdeci ya bi rubutun da yatsa, baƙi bayan baƙi, kamar yadda aka koya masa. Da ya gama ya ce, "Wataƙila bai sani ba. Yaransa ne suka yi."

"Deci, muryarsa ce a lasifikar mota," in ji Cleide. "Tun safe take zagaya unguwa. Luana ta dawo daga makaranta tana tambayata ko babanta ne ya fasa wa tsoho kai."

Seu Aristides ya ci zaɓe. Aikinsa na farko shi ne karɓe ginin Gida, tunda na hukumar gari ne. Dona Zulmira ta yi ta hawa matakalar ofishinsa, kullum a ce mata yana taro. Alƙali ba ta da wani wurin da za ta ajiye mutane, sai ta sa hannu a mayar da su babban kurkuku kafin a samu mafita.

Kowa a Gida ya san abin da hakan ke nufi ga Valdeci.

Ranar da motocin 'yan sanda za su zo kwashe su, hantsi bai gama ɗagawa ba Cleide ta buga ƙofa. Valdeci ya buɗe 'yar tagar da ke jikin ƙofar.

"Motar ƙanina tana lungun baya, injin na aiki," ta ce. "Kafin rana ta faɗi mun shiga jihar Bahia. Buɗe."

"Cleide..."

"Kada ka ce mini Cleide. Makulli yana wuyanka. Buɗe, mutumin nan!"

"Akwai gidaje irin wannan a wasu garuruwa. Duk ido yana kanmu. In na buɗe yau, gobe a rufe su duka, a ce ai Seu Aristides ya faɗa."

"To mutanen waɗancan garuruwan ne suka haifi Luana? Ni ban auri gidaje ba, kai na aura. Kashe ka za su yi, Deci!"

Ya zura yatsunsa ta tagar. Ta ƙi kamawa, sannan ta kama, ta riƙe har farcenta ya shiga fatarsa.

"Ki ce wa Luana ba ni ba ne na taɓa tsohon," ya ce. "Kuma ki ce mata ban gudu ba."

Da ya juyo, duk mazan Gida suna tsaye a tsakar gida. Sun ji komai. Ya cire igiyar daga wuyansa, ya ajiye makullin a kan teburin kwaɓa fulawa.

"Ni ba gandiroba ba ne. Ku kuka ba ni, ga shi na dawo muku da shi. Wanda zai fita ya fita, ba zan riƙe rigar kowa ba. Ni dai ina nan."

Kowa ya zuba wa makullin ido. Ana jin kukan tantabaru a kan rufi. Wani saurayi ya yi taku ɗaya, ya tsaya.

Sai Tião ya miƙa hannu ya ɗauki makullin, ya jinjina shi a tafinsa.

"Kai! Ashe abin nan ba shi da nauyi? Yadda kake tafiya da shi kamar bishop, na ɗauka buhun siminti ne." Ya dafa tumbinsa. "Ni da wannan kayan ina zan gudu? Kafin in kai tasha kare ya cinye rabi."

Wasu suka yi dariya, wasu dariyar ta juye musu kuka. Tião ya mayar da igiyar wuyan Valdeci, ya gyara ta kamar mai ɗaura wa yaro kwala.

"Ƙullu ya tashi, malam. A kunna tanda."

'Yan sanda sun zo da garkuwa da karnuka da ƙarfen fasa ƙofa. Alƙali tana bayansu a cikin motarta. Sun buga sau ɗaya, Valdeci ya amsa daga ciki.

"Ranka ya daɗe, kada a ɓata ƙofar. Ga shi ina buɗewa."

Aka kira suna, ba wanda ya ɓace. Duk da haka sai da aka durƙusar da su a kan siminti, hannu a ƙeya. Dona Zulmira tana bin shugaban 'yan sandan tana cewa, "Ɗalibaina ne, ɗalibaina ne," kamar addu'a. Burodi yana kan tebura da zafinsa. Ƙamshinsa ya tsallaka titi ya shiga tasha, inda mutanen gari suka taru suna kallo. Ba wanda ya yi tafi.

Damina ba ta fita ba aka kira mu daga babban kurkuku. Ba zan faɗa muku yadda muka sami gawar Valdeci ba. Innarmu ta gane shi ne ta tabon ƙunar tanda a damtsensa. Ta sa leɓenta a wurin, ta daɗe.

Alƙali ta kai abin da idonta ya gani gaban manyanta, cewa ƙofa tana hannun fursunoni kuma ba wanda ya fita. Aka janye maganar rufe sauran gidajen. Aka fara kwashe mazan Gida kaɗan-kaɗan zuwa waɗancan garuruwa, Tião yana cikinsu. Izinin ɗauke Valdeci shi ma ya fito, bayan ciyawa ta tsiro a kabarinsa.

Wanda ya fasa wa tsohon kai an kama shi daga baya. Yaro ne da bai daɗe da fitowa daga babban kurkuku ba. Ko ƙofar Gida bai taɓa gani ba.

Ranar bikin waliyyin garinmu, a filin coci, Seu Aristides yana bin mutane yana gaisawa. Ina tsaye gefen Cleide, Luana tana riƙe da siket ɗinta. Da ya iso gare mu Cleide ta tare hanya.

"Ni ce matar Valdeci."

Ya kama hannunta da hannu biyu, fuskarsa cike da fara'a.

"Valdeci... Valdeci... Au, direban motar shara? Ki gaishe shi, 'yata. Ki ce masa ina sane da maganarsa."

Cleide ta dube shi har fara'ar ta fara yi masa nauyi. Ta zare hannunta, ta goge a jikin rigarta.

"Zai ji," ta ce.

Darasi: Kurkukun da ba ya koyar da komai sai duka, shi ya sako mana wanda ya fasa wa tsoho kai. Gidan da ya koyar da karatu da sana'a, shi ya fitar da mutumin da ya riƙe amana har ta ci ransa. Mai laifi ya biya laifinsa, amma a bar masa hanyar dawowa mutum. Kuma ku yi hattara da wanda zai rungume ka yau, gobe ya sayar da tsoron jama'a da fuskarka. Ku tura wannan ga wasu, musamman masu cewa wanda ya taɓa faɗuwa ba ya tashi. Ku faɗa musu sunansa Valdeci.