Wa Zai Fara Aika Kati?

Akwai wani manomi a wani ƙauye, sunansa Gayus, yana da ƙanin uba mai suna Filibus. Abin da ya sa zancensu ya zama misali shi ne, Gayus ya girmi ƙanin baban nasa da shekara uku. Kun san yadda ake yi a babban gida, sai kaka ya haifi auta bayan jikansa na fari ya fara gudu a tsakar gida. Tare suka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Filibus ya ce masa "ɗana", shi kuma ya ce "Auta, zo in goya ka", a yi dariya a wuce. Da suka girma Filibus ya tafi birni ya zama tela, Gayus ya zauna a gona.

To gidan nan suna da al'adarsu ta Kirsimeti. Ƙarami ne yake fara aika wa babba kati, da rubutun hannunsa, a sa a ambulan a ba direba a tasha. Sai katin ya iso sannan babba ya mayar da nasa da sa albarka. Babba ba ya farawa, sam. Katunan da suka zo kuma a ja zare a falo daga wannan bango zuwa wancan a rataye su, duk baƙon da ya shigo cin shinkafa sai ya ɗaga kai ya karanta.

Lokacin da kaka yake raye babu matsala, kowa shi yake aika wa. Da ya rasu, baban Gayus ma ya riga shi, sai ya zama manyan gidan su biyu ne suka rage.

Disamba ta zo. Gayus ya sayi kati mai hoton tumaki, ya zauna ya rubuta, ya liƙe. Har ya sa takalmi zai tafi tasha, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a ransa, "Ni da na goya yaron nan? Bari nasa ya fara zuwa." Ya koma ya sa katin a ƙasan akwati.

Na Filibus bai zo ba. Ku ma kun san dalili, shi ma yana can yana cewa ai shi uba ne.

Shekara ta zagayo, Gayus ya sake saye, ya sake rubutawa, ya sake sawa a akwati. Kada ku ce me ya hana shi buga waya. Mutumin da ya ƙi fara aika kati, waya zai fara bugawa? Haka aka yi shekara shida. Ba faɗa, ba zagi, ba wanda ya ci gonar wani. Shiru kawai. Yaransu suka daina zuwa hutu gidan juna. Kowace shekara in motar birni ta shigo, Gayus sai ya ƙirƙiro abin da zai kai shi tasha, ya gaisa da direba, ya dawo hannu rabbana.

A shekara ta shidan, matarsa Damaris tana neman zanen zumuntar matan coci a akwati, sai ta ci karo da ambulan shida. Ta fito da su tsakar gida inda yake ɓare gyaɗa.

"Maigida, ashe gidan waya muka buɗe ban sani ba?"

"Mayar min da kayana."

"Naka ne? Ni sunan Baba Filibus na gani a kai."

"Shi ya kamata ya fara. Na girme shi."

"To, babba. Tunda ba za su tafi ba, bana a zaren falo zan rataye su. Fasto ya zo ya karanta, dattawan coci su zo su karanta. Su ga katin Filibus a gidan Gayus, shekara shida."

Gayus ya san matarsa, in ta ce za ta yi, ta yi an gama. Washegari ya kwashi katunan ya tafi tasha. Ya miƙa wa direba, sai kuma ya janye hannu, ya ce a ba shi kujera, da kansa zai kai.

Ya isa birni da azahar, ya tarar da shagon ɗinki a rufe. Ya shiga gidan, ya ga Filibus zaune a inuwa, keken ɗinkinsa a gefe an lulluɓe shi da tsohon zane. Ya yi sallama.

Filibus ya juyo da kunne, ba da ido ba. Ya ce, "Muryar nan ta ɗana ce."

"Auta, ni ne."

Ya miƙa masa katunan. Filibus ya lalubo su, ya shafa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kira matarsa ya ce ta ɗauko ledar nan da ke cikin aljihun keken ɗinki. Aka kawo. Ambulan huɗu, duka da sunan Gayus.

Gayus ya so ya yi wasa. Ya ce, "Huɗu? Nawa shida. Ka ga ko a nan na fi ka."

Filibus ya ce, "Shekara biyun nan ido ya tafi. Ciwon suga. Ba na ganin layi, balle in rubuta. Na hana a faɗa maka, kada ka ce tausayi nake nema."

Gayus ya yi lissafi a ransa. Katin farko da ya rubuta, da ya ba direba a ranar nan, da Filibus ya karanta shi da idonsa. Na biyu ma haka, har na huɗu.

"To kana tsaye kamar mai bin bashin gaisuwa," in ji Filibus. "Zauna ka karanta min. Tumaki ne a kai ko? Na san ka, ba ka sayen wani."

Gayus ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafarsa, ya yage ambulan na fari.

Ma'anar wannan misali ita ce, a tsakaninmu da Allah ba a gardamar wa ya girmi wa. Shi ne babba, mu ne ya kamata mu fara nemansa, kuma ba mu nema ba. Amma bai zauna yana jiran namu ya iso ba. Shi ya fara aikowa, kuma ba takarda ya ba direba ba, Ɗansa ya aiko ya zo har inda muke zaune. Kirsimeti ke nan.

Girmama manya abu ne mai kyau, kada wani ya koma gida ya ce an ce a daina. Amma an yi al'adar kati don ta riƙe zumunci ne. Ranar da ta zama abin da ke hana ka gaida ɗan'uwanka, ta bar aikinta.

Da yawanmu muna da irin akwatin Gayus. Wani nasa a waya yake, ya rubuta saƙo ya goge, ya rubuta ya goge, yana jiran yayarsa ta fara. Gayus ya samu ɗan'uwansa, amma bai samu idonsa ba. Ka tuna sunan da ya faɗo maka a rai tun ɗazu. Kada ka jira nasa. Aika naka yau, tun yana iya karantawa.