Rumbun Gari da Siton Attajiri

Akwai wani manomi a wani ƙauye da mutanensa suka gaji irin gero mai saurin nuna. Al'adarsu ita ce, kowace kaka kowane gida ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, a ɗaure dami, a kai rumbun gari da alamar gidan a jikin igiya. Aikin rumbu kuwa ba ya ƙarewa: yau yaɓe, gobe jinka, jibi a zuba toka saboda gara.

Ana nan sai wani attajiri ya gina sito a bakin hanya, na siminti da kwano, har da maigadi. Ya ce kowa ya kawo irinsa a ajiye masa kyauta. Mutane suka yi ta murna, suka kwashe dammunansu suka kai. Gaskiya siton ya yi kyau, ko ɓera bai san hanyarsa ba.

Shi ma manomin nan ya kai rabin irinsa can, don ba ƙin ci gaba yake yi ba. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai, wato mabuɗin siton ba a hannun ɗan garin yake ba. Saboda haka ya ci gaba da gyaran tsohon rumbu, yana bi gida gida yana roƙo a bar ko dami ɗaya a ciki. Gidaje huɗu kaɗai suka yarda, su ma don kunyarsa. Maƙwabcinsa, wanda ya gaji wata jar dawa daga mahaifiyarsa, ya same shi a kan tsani da laka har gwiwar hannu, ya yi dariya ya ce, "Maƙwabci, mutum ya samu mai ɗauke masa kaya, ya ce sai ya ɗora a kansa?" Abin ya yi masa zafi, amma ya ci gaba da yaɓensa.

Shekara uku ana haka. A ta huɗu ruwan shuka ya sauka da ƙarfi, ƙasa ta jiƙa. Kowane manomi ya san kwana biyu ko uku ne kawai kafin laima ta tafi. Mutane suka saɓi sungumi suka nufi sito, suka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya gaya musu an sayar da wurin tun da rani, sabon mai shi yana birni da mabuɗi, shi kuma ba a ba shi izinin buɗewa ba. Suka yi roƙo, suka yi faɗa, ƙofa tana nan yadda take.

Manomin bai tsaya cewa "ai na faɗa muku" ba. Ya hau rumbu ya sauko da dammunan, ya kira gidajen nan huɗu, suka raba iri ƙwarya ƙwarya har ya zaga garin. Bai ishi kowa cika gonarsa ba, amma kowa ya shuka wani abu kafin ƙasa ta bushe.

Bayan kwana goma sabon mai siton ya iso. Ba ɓarawo ba ne, bai taɓa ƙwaya ɗaya ba. Sai dai ya ga dammuna suna cin wuri, ya sa an sussuke su duka, gero da dawa, an zuba a buhuna ɗaya. Maƙwabcin nan ya ɗebi hatsi a tafin hannu yana tonawa da yatsa. Ya juya ga manomin ya ce, "Ɗan'uwa, ko dami ɗaya na dawar inna ban kawo maka ba, ko?" Manomin ya girgiza kai, hawaye suka cika idonsa, don ya sha fura ya ci tuwon dawar nan tun yana yaro.

To, ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Irin nan shi ne aikin da Ubangiji ya ba mu amana. A cikinmu akwai su Filibus da Rahila da abokansu, waɗanda suka shekara biyar suna rubuta manhajar waƙoƙi da darussan ikkilisiyarmu. Siton shi ne babban kamfanin intanet da ke ajiye musu rubutun manhajar kyauta. Rumbun kuma shi ne kwamfutar da suke so mu ajiye a nan, mu riƙa kula da ita da kanmu. Ban ce kamfani mugu ba ne. Ku yi amfani da shi, yana da sauƙi. Amma kamfani yana iya canja hannu, ya canja doka, ba tare da ya tambaye ku ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma mu bar wa mutum ɗaya yaɓe da jinka muna masa dariya. Kwamfutar nan tana bukatar wuta, da gyara, da mutane uku ko huɗu da suka san sirrinta. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma za mu iya shi. Haka yake da bangaskiyar da za mu miƙa wa 'ya'yanmu: abin da ba mu ajiye a gida da hannunmu ba, ranar da za a neme shi, ba mu da abin da za mu ba su.