Tasalla Maginiya da Zanzanar Wata

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata tsohuwa, Tasalla, mai ginin tukwane. A zamaninta fuskar Wata sumul take kamar sabuwar tasa.

To, can sama sai 'ya'yan aljanu suka koyi wasan majajjawa. Su wurgo dutse, ya taho da wuta a wutsiya, ya faɗo tim! Yau a fasa rumbu, gobe a karya akuya. Ran nan guda ya faɗo dab da jikar Tasalla tana barci.

Tasalla ta ci ɗamara, ta hau tsauni.

Ta ce wa Rana, "Ranki ya daɗe, tare mana duwatsun nan."

Rana ta ce, "Ni? Ai sai na kwanta yaran suke fitowa."

Ta roƙi Gajimare. Ya ce, "Iya, taɓa ni ki ji. Ko tsuntsu ratsa ni yake."

Ta juya ga Wata. Ya ce, "Iya, ba ni da ƙarfi, amma ina da faɗi. Koma gida."

Wata ya tare. Dutse ya zo, ƙwal a goshi! Wani ya zo, ƙwal a kumatu! Wani ƙwal a haɓa! Ƙasa ta samu lafiya, amma fuskar Wata ta cika da ramuka kamar mai zanzana. Ya leƙa tafki ya ga kansa. Kunya ta kama shi, ya dinga juya baya har ya ɓace.

Tasalla ta kwaɓa farar ƙasa, ta sake hawa tsauni.

"Fito, ɗan nan."

"Iya, na yi muni. Toshe mini su."

Ta shafa ramukan da yatsa. Ta ce, "Wannan da a kan masu shuka zai sauka. Wannan a kan mata a rijiya. Wannan babban kuwa, a kan gadona. Wanne zan toshe?"

Wata ya yi dariya. "Bar su, Iya."

Ta shafe shi da farar ƙasa, ramukansa na nan. Ya fito kaɗan-kaɗan har ya cika, gari ya ɗauki guɗa, aka kwana ana gaɗa.

Har yau kunyar takan motsa masa ya ɓuya, ya kuma dawo. Wanda ya ji ciwo dominku, kada ku yi wa tabonsa dariya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya zuba.