Sunan da Ke Jikin Makara

Akwai wani malamin makaranta, Malam Datti, a wani ƙauye da ke gabas da Kademi, wajen shekarar 1968. Ya yi allo, ya yi boko, rubutunsa kuwa kamar na inji. Aibinsa ɗaya, ba ya yarda wani ya san abin da shi bai sani ba.

Yana da wani tsohon littafi mai hotuna. A ciki ya ga yadda sarakunan ƙasar Italiya na dā ke sa a gina musu ƙofofin katako da ƙyalle don bikin yini ɗaya, masana su rubuta kirari da sunayen kakanni a jiki, washegari a rushe. Hoton nan ya daɗe yana cin ransa.

Da aka naɗa sabon dagaci, aka sa ranar da zai shigo gari, sai Malam Datti ya ce shi zai yi ƙofar tarba.

Aka kafa azara biyu a bakin hanya, aka naɗe su da zana, aka shafe da farar ƙasa har suka yi kama da gini. Ya bi tsofaffi ya tattaro sunayen kakannin dagaci bakwai, ya tsara musu baitoci da ajami da boko a kan farin yadi. Saura abin da za a gitta a sama a lulluɓe da yadin. Duk itacen da aka kawo, ko ya gaza ko ya lanƙwashe.

Sai idonsa ya faɗa kan makarar gari, tana jingine a bayan masallaci. Ya auna ta da igiya, ta zo daidai.

Baba Barau ladan, wanda ke kula da ita, ya tare shi.

"Malam, wannan ba ta aro ba ce. Ita kaɗai gare mu."

"Haba Baba, kwana biyu ne kacal. Ko an aiko maka da takardar mai mutuwa?"

"Ba a aikowa. Shi ya sa ba a ɗauke ta daga nan."

Malam Datti ya yi dariya. "To, in ya zo, ka ce ya dakata a gama biki."

Kafin a ɗora ta, ya ɗauko fentin mai, baƙi, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jikin sandarta, inda yadi ba zai rufe ba. So yake duk wanda ya ɗaga kai ya san mai aikin.

Ƙofa ta yi kyau, babu mai musu. Amma jakai suka ƙi bi ta ƙarƙashinta, sai an kewaya da su ta gona. Idan rana ta take, inuwarta a ƙasa sai ta yi kamar mutum a miƙe, an rufe shi.

Iya Hure mai daddawa, tsohuwa ce da ido ya fara yi wa rauni, ta tsaya ta daɗe tana kallon sama.

"Datti, wa ka kwantar a can?"

"Sunayen manya ne, Iya."

"A'a. Wurin kwanciyata ne ka rataye."

Ta bi ta ƙarƙashi a hankali, ita kaɗai.

Ranar biki da hantsi, Allah ya yi wa Iya Hure rasuwa. Aka yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, babu abin ɗauka. Baba Barau ya zo da 'ya'yanta.

"Malam, ga wanda ka ce ya dakata ya zo."

Malam Datti ya ji kiɗa ya doso gari. Ya ce, "Ku bari dagaci ya wuce tukuna. Yanzun nan ne."

Dagaci ya iso da jama'arsa. Rana tana bayan ƙofar, haskenta ya ratsa yadin, sandunan makara suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar haƙarƙari. Makaɗa suka yi shiru ba wanda ya ce su daina. Dagaci ya tsaya cak.

"Ta ƙarƙashin wannan kake so in shiga garina?"

Baba Barau ya gaya masa gawa na jira. Nan take dagaci ya sa aka yaye yadin da baitocinsa, aka sauke makara. Da shi aka ɗauki Iya Hure, da sabon rawaninsa.

Bayan kwana biyu Malam Datti ya je da wuƙa da kananzir don ya goge sunansa. Ya kankare har hannunsa ya yi kanta, amma fentin ya riga ya shige itacen. Ya ce zai sa a yi wata sabuwa. Dattawa suka ce wannan ta ɗauki iyayensu, ba za su sake ta ba.

Gidansa kuwa a kan hanyar maƙabarta yake. Shekara tara, duk wanda ya rasu a garin, Malam Datti sai ya ga sunansa ya wuce ta ƙofar gidansa a kafaɗun mutane. Ya daina dariya, ya daina gardama. Da Baba Barau ya rasu, shi ya karɓi kula da makarar, yana share ta, yana ɗaure inda ya kwance.

Ranar da aka ɗauko shi a kanta, baƙin da suka tsaya a gefen hanya ba su tambayi ko wane ne ba. Sun karanta.

Darasi: Ilimin da ya hana ka sauraron wanda ya fi ka sanin wurinsa, girman kai ne. Kada ka taɓa haƙƙin jama'a don adon da zai rushe gobe, kuma ka lura da inda kake rubuta sunanka. Ka tura wa wani ya karanta, wataƙila yana bukatar wannan tunatarwar.